Shanun amana a Azawak

Ni dillalin dabbobi ne a Tawa. Sana'ar ba gadona ba ce, domin babana malamin zaure ne a Bilbis, bai taɓa riƙe igiyar saniya a kasuwa ba. Amma ta ƙofar gidansa na shiga harkar. Tun ina yaro akwai wani Buzu daga Azawak, can yankin Tilliya, da yake sauka gidanmu duk lokacin da ya kawo dabbobi kasuwar Lahadi. Yakan zo da cuku da man shanu, ya koma da gero da sukari da ganyen shayi. Kawu muke ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da sunan yanka ba, sai Ɗan Malam. Ba zan faɗi sunansa a nan ba, saboda ɗiyansa suna raye, kuma wasunsu har yau suna bin waɗannan hanyoyi.

Abin da ke tsakaninsa da babana ya wuce masauki. Duk ɗan abin da babana ya samu, na noma ko na sadakar karatu, in ya taru sai ya sayi karsana ya damƙa wa Kawu ya tafi da ita daji. Babu takarda, babu shaida. Sau ɗaya a shekara Kawu zai zauna a zaure, ya sassauta rawaninsa kaɗan, ya fara lissafi da yatsu: wance ta haihu namiji, wance ta yi ɓari, wance na sayar da ita da rani na sayi dusa don sauran su tsira. Babana ba ya tambayar komai, sai dai ya ce madalla. A yunwar 1984 da dabbobin Azawak suka ƙare, iyalin Kawu gaba ɗaya a gidanmu suka zauna har damina ta dawo, tukunya ɗaya muke ci. Da na girma karatun bai zauna mini ba, Kawu ne ya roƙi babana ya bar ni in bi shi. A hannunsa na koyi duba haƙorin saniya in faɗi shekarunta, da gane raƙumin da aka ɗura wa ruwa don ya yi kyan gani.

A wancan zamani mutum zai tashi daga Tawa ya bi ta Takanamat da Telemses har Tilliya, kuɗi ɗaure a ƙugu, in dare ya yi ya shimfiɗa bargo kusa da rijiya ya yi barcinsa. Ɓarayin shanu akwai su, rigimar rijiya da makiyaya tsakanin Fulani da Buzaye a bakin iyakar Mali ita ma tsohuwa ce, kowa ya san da ita. Amma ɓarawo ya san shi ɓarawo ne, da dare yake zuwa, in an gan shi ya gudu.

A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun masu bindiga. 'Yan gudun hijira suka kwararo mana da dabbobinsu, aka zaunar da su a Intikan da Tazalit. Mu 'yan kasuwa, in faɗi gaskiya, da farko ciniki muka gani, don dabbobi sun yi yawa kuma sun yi araha. Sai a watan Oktoba na 2016 aka faɗa wa sojojin da ke gadin Tazalit aka kashe 22, bayan kamar mako guda kuma aka shiga har gida a Abalak aka ɗauke wani Ba'amurke mai aikin agaji wanda ya daɗe a cikin mutanen wajen. A 2017 gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a Tilliya da Tasara. Daga nan ne muka fara rage murya in za mu ambace su. Ba ma cewa 'yan ta'adda a kasuwa, sai dai mutanen daji, don ba ka san kunnen wa ke kusa da kai ba.

Wani zuwa da Kawu ya yi, ya iso da la'asar, bai ko taɓa shayin da aka dafa masa ba. Lokacin idon babana ya riga ya tafi, sai da murya yake gane mutane. Kawu ya ce, "Malam, tambaya na zo da ita. An karɓi zakka gare ni."

Ya ba da labarin yadda aka yi. Suna bakin rijiya ana shayarwa, sai ga motoci masu ƙafa biyu, waɗanda muke kira moto, mutum bibbiyu a kan kowane, fuska a rufe. Suka yi sallama cikakkiya, har da wa barakatuhu. Babbansu ya ce sun zo karɓar haƙƙin Allah. Ba su ƙirga garken ba. Wani yaro da bai kai jikan Kawu na fari ba ya shiga cikin shanun da bindiga a kafaɗa yana nunawa da baki: waccan, da waccan, da wancan bijimin. Duk masu ciki da masu nono ya zaɓa. Kawu ya yi ƙarfin hali ya ce masa, ɗana, shanu nawa ne ke wajabta zakka? Yaron ya dube shi ya ce ba a yi musu da hukuncin Allah. Kawu ya sake tambaya, to wa za a ba? Sai babban ya ce, tsoho, ka yi shiru ka tsira da sauran. Daga cikin waɗanda aka kora har da biyu na babana.

Babana ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya fara jero masa abin da yake koya wa almajirai shekara da shekaru. Shanu sai sun kai 30 ake fitar da maraƙi ɗaya, in sun kai 40 saniya ɗaya. Awaki da tumaki sai sun kai 40 a ba da guda. Raƙuma 5, akuya ɗaya. Sau ɗaya a shekara, kuma Alƙur'ani ya ƙididdige mutum iri takwas da za a ba a cikin Suratut Tauba. Ya kawo wasiyyar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Mu'azu ɗan Jabal da zai aike shi Yaman: a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu, ya nisanci zaɓar mafi kyawun dukiyar mutane, kuma ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce, "Wanda ya zo maka ya saɓa duka ukun a tsayuwa ɗaya. Fashi aka yi maka. Zakkarka tana nan a kanka, in shekara ta cika ka fitar ka ba maƙwabcinka mabuƙaci."

Kawu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Ke nan sau biyu zan biya." Ashe sau biyun ma da sauƙi, domin kafin shekara ta zagayo wasu suka sake zuwa, suka ce su ba su san da na farkon ba.

A wannan zaman Kawu ya ce a zo a kwashe shanun Malam a sayar tun da sauransu. Ni na goyi bayansa, har na fara lissafin kamyon da zai ɗauko su. Babana ya ƙi. Ya ce garken Kawu ya ragu, nonon shanun nan ne jikokinsa ke sha, in an kwashe su mi za su sha? Ya ce a bar su inda suke. Bai daɗe ba bayan haka Allah ya yi masa rasuwa, mu kuma magada ba wanda ya iya tayar da maganar da ya riga ya rufe.

Abubuwa suka ci gaba da matsowa. A Disambar 2019 aka kashe sojoji 71 a Inates, wata guda bayan nan 89 a Shinagodar. A ƙarshen Mayun 2020 suka shiga Intikan, suka kashe shugabannin mutane, suka lalata hanyar ruwa da ta waya, jama'a suka watse zuwa Telemses. Wanda ya san Azawak da rani ya san abin da ake nufi da a lalata wa mutane ruwa. Farkon 2021 aka kashe fararen hula wajen 100 a Combangu da Zarumdarai cikin jihar Tillaberi, a tsakiyar Maris kuma aka tare masu dawowa daga kasuwar Banibangu aka karkashe su. A yankin su Kawu mutane sun gaji, wasu zangogi sun fara cewa ba za su ƙara biya ba, samari kuma sun fara neman abin kare kai. Na kira shi na ce ya tattaro iyali su taho Tawa. Ya ce, "Ɗan Malam, in na zo birni, shanun a ɗakinka za su kwana?"

Ranar 21 ga Maris 2021 Lahadi ce, ranar kasuwarmu. Ina tsakiyar ciniki har yamma, ban san komai ba. Bayan isha'i aka fara raɗe-raɗin cewa an taɓa wajen Tilliya. Na kira lambar Kawu, ba ta shiga. Na kira ta ɗansa, ita ma haka. Wannan bai tayar mini da hankali sosai ba, don rezo a can sai an hau tudu. Da safe rediyo ta ce mutum 40, can aka ce 60. Da dare kakakin gwamnati ya fito a talabijin ya ce 137, a Intazayan da Bakorat da Wistan da zangogin da ke kewaye, aka sa zaman makoki na kwana uku. Daga baya muka ji cewa a cikinsu akwai yara 22, kuma da yawa wajen ɗiban ruwa aka same su.

Ƙaramin ɗan Kawu ne ya kawo mana labari da bakinsa, bayan ya iso da mahaifiyarsa da matan yayyensa da yara a bayan wata mota. Shi ya tsira ne saboda ya bi wani raƙumi da ya ɓace tun safe. Ya ce daga nesa ya ji harbi, ya kwanta a cikin wani kwari har ƙarar motocin ta yi nisa. Da ya iso rijiya ya tarar da guga a cikin ruwa, igiyar tana ɗaure a jikin jakin da ke ja, jakin yana tsaye. Kawu yana kwance a gefen kwamin shayarwa, babban ɗansa kusa da shi, da jikansa wanda bai fara azumi ba. Matan da suka gani sun ce babu tambayar da aka yi wa kowa, ba a ce ku yi kalmar shahada ba, ba a ce ina zakka ba. Duk namijin da aka gani harbi ne, masu harbin suna kabbara. Likkafani bai isa ba, sai rawunan mamatan aka warware aka naɗe su da su. Garken kuma, na Kawu da namu, an kora shi yamma.

Mutumin nan na san shi fiye da shekara 40. Ban taɓa ganin rana ta fito masa bai yi asuba ba, ko a tafiya, ko da taimama. Babana ya sha karanta mana ayar Suratun Nisa'i da ta ce wanda ya kashe mumini da gangan sakamakonsa Jahannama, ga fushin Allah da la'anarsa. Ban san yadda malamansu na daji suke bi da wannan aya ba, sai dai na ji an ce da farko suna kafirta mutum, sannan jininsa da dukiyarsa su halatta gare su. Wato wanda ke son shanunka shi ne kuma alƙalin da zai yanke ko kai Musulmi ne.

Matar Kawu a ɗakin innata ta yi takaba. Azumi ya kama bayan 'yan makonni, muka yi shi tare. Akwai wata jikarsu ƙarama da ba ta magana da kowa. Tawa kuwa gari ne na kabu-kabu, moto ba ya minti biyu bai wuce ƙofar gida ba. Duk wanda ya wuce sai yarinyar ta ruga ta shige bayan randa ta toshe kunnuwa. Ƙanena da ke da moto sai ya koma kashe shi tun daga bakin layi, ya turo shi da hannu har cikin gida. Ya fi shekara yana haka.

Yanzu ga abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan, don kisan an ji shi a rediyo, amma wannan ɓangaren mu 'yan kasuwa ne muka san shi. Gab da Layya ta wannan shekarar na je wata kasuwar ƙauye da ba zan faɗi sunanta ba. Ina zagayawa sai na ga wata jar saniya Azawak mai karyayyen ƙaho na hagu. Na matsa na shafa cinyarta, ga shaidar wuta ta gidan su Kawu, an ɗora wata sabuwa a kanta, ƙunar ko gama warkewa ba ta yi ba. Na duba kunne, tsagar tana nan. Jikar wata karsana ce da babana ya saya. Wanda ke riƙe da igiyar wani saurayi ne da ba mu san shi ba, ba rawani, ba gemu, da rigar 'yan ƙwallo. Saniyar da za ta yi jikka 300, wato sefa dubu 300, yana neman 170, kuma ba ya son dogon ciniki.

A al'adar kasuwar dabbobi baƙo ba ya sayarwa sai ta hannun dillali, kuma dillalin ne lamuni: in dabba ta fito ta sata, shi za a kama. La'adar da muke ci kuɗin wannan lamunin ne. Na je wajen babban dillalan kasuwar na raɗa masa abin da na gani. Ya kama hannuna ya ja ni bayan rumfa, ya ce, "Alhaji, kana da ɗiya? To ni ma ina da su. Kai da la'asar za ka hau mota ka koma Tawa, ni nan zan kwana." Ban ga laifinsa ba. A irin waɗannan wurare wanda ya kai ƙara, sunansa kan riga shi isa daji. Kafin azahar wani ya saye ta, aka loda ta a kamyo tare da wasu, aka yi kudu da su.

Tun ranar nake kallon sana'armu da wani ido. Mutanen daji ba sa cin shanu dubu. Sai sun mayar da su kuɗi, kuɗin kuma su zama man fetur da moto da harsashi da katin waya da buhun shinkafa. Duk waɗannan ba a daji ake ƙera su ba. Akwai mai saye da araha ya yi kamar bai ga ƙunar ba, akwai mai kai jarkokin mai da dare, akwai mai gyaran moto da ba ya tambaya. Wasu tsoro ne ya sa su, wasu kwaɗayi, kuma da yawansu sahun gaba suke a masallaci. In ana zancen ta'addanci a majalisa sai a yi ta nuna Mali, ko Turawa, ko wata ƙabila, kowa da wanda yake zargi. Ban ce duk ƙarya ba ne. Amma ni abin da idona ya gani shi ne saniyar babana a hannun yaro mai jin Hausa kamar ni.

Zancen ƙabila kuwa ya ci mutane da yawa da ba su ji ba ba su gani ba. Ina da abokin ciniki Bafulatani, dattijo, wanda mutanen daji suka kwashe masa shanu suka kuma tafi da ɗansa da ƙarfi. In ya shigo gari ana kallonsa kamar shi ya aiko su, in ya koma daji ana ce masa ɗan leƙen asirin soja. Ya ce mini shi yanzu akuya ce tsakanin kura da mahauci. Gaskiya ne akwai ɗiyan Fulani a cikinsu, akwai na Buzaye da Larabawa, akwai namu. Yaron da aka kashe ubansa a rigimar rijiya, ko wanda bai taɓa riƙe jikka 10 tasa ba, in aka miƙa masa moto da bindiga aka ce masa daga yau kai ne mai hukunci, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

A watan Agustan 2021 sojojin Faransa suka kashe Abu Walid Sahrawi, shugaban ƙungiyar IS ta yankin Sahara da ake ɗora wa alhakin waɗannan hare-hare. Wasu a kasuwa suka ce an gama. A Nuwamba aka sake komawa Bakorat aka kashe mutum 25. A Yulin 2023 mulki ya canza a Yamai, sojojin Faransa suka fita, na Amurka suka bi bayansu. Ni ba ɗan siyasa ba ne, kuma ina yi wa sojojinmu addu'a, don ɗiyan maƙwabtanmu ne ake kawo gawarsu. Abin da na sani shi ne har yau ban koma Tilliya ba, dabbobin da nake saye sai dai a kawo su Tawa ko Abalak. A 2025 kuma, ranar 21 ga Maris ɗin dai, Juma'a cikin azumi, aka kewaye masallaci a Fambita cikin yankin Kokoru aka kashe masallata 44. Da na ji ranar sai da na sake tambaya, don na ɗauka kunnena ne.

Ƙaramin ɗan Kawu yanzu tare muke aiki. Ya fi ni sanin raƙumi nesa ba kusa ba, kuma Buzaye sun fi sakin jiki da shi, don haka cinikin raƙuma na bar masa. Bara bayan Layya ya same ni a zauren babana, ya zauna inda ubansa ke zama, ya ce yana da magana. Sai ya fara lissafi da yatsu. Ashe duk shekarun nan yana riƙe da adadin shanunmu da aka kora a ka, har da maruƙan da ke cikin ciki. Ya zaro kuɗi daga aljihu ya ajiye a gabana, ya ce na farko ke nan, sauran zai riƙa biya a hankali.

Na ce, "Ƙanena, mayar da kuɗinka. Wanda aka ba amana, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa. Wannan ba ra'ayina ba ne, hukunci ne, a zauren nan na ji shi."

Ya ce, "Yaya, wannan hukuncin malamai ne. Mu a wajenmu ba a binne mutum da dabbar wani a wuyansa."

Na ce ubansa ransa ya bayar a kan shanun, in ana zancen bashi mu ne da biya. Ya ce ba haka ubansa zai ce ba. Muka kai maganar gaban innata, ta saurare mu duka, ta ce mu biyun ba mu da kunya, mu tashi mu ba ta wuri. Kuɗin dai ya ƙi ɗauka, ni ma na ƙi. Daga ƙarshe ƙanena mai moto ya kawo shawara aka sayi tumaki biyu da su, aka ɗaure a bayan gida, yarinyar nan ce ke ba su dusa kafin ta tafi lakwal. Ɗaya ta haihu da sanyin bana. Shi yana cewa tumakin magadan Malam ne, ni ina cewa na marayun Kawu ne, kuma ya riga ya gaya mini cewa bayan Layya mai zuwa zai kawo kashi na biyu.